Yadda Muka Sauke Madacin Gidanmu a Aboabo

Madaci ba icen Kumasi ba ne. Icen arewa ne, irin wanda za ka gani a jere bakin titi a Tamale ko Bolga. Namu na Aboabo, unguwarmu a nan Kumasi, kakanmu ne ya dasa shi a tsakar gida tun kafin Ghana ta karɓi mulkin kai a 1957, lokacin yana fataucin goro, kuma don magani ya dasa shi. To maganin nan ne ya ci bishiyar. Mai ciwon ciki, mai zazzaɓi, mai jego, kowa sai ya yi sallama da 'yar addarsa ya ɓamɓari ɓawo. Har masu jiƙa shi a giya, da ba za su iya shigowa da kansu ba, yara suke aikowa. Ba a taɓa hana kowa ba.

Abincin da ganye ke haɗawa ta ƙarƙashin ɓawo yake bi ya sauka zuwa saiwa. In gefe guda aka ɗan ɓare, bishiya takan rufe ciwonta da kanta. In kuwa aka yi ta ɓara shekara da shekaru har ya kusa zagaye gindin, saiwa ta shiga yunwa, ga kuma ƙofa a buɗe ga ruɓa da gara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A kan wannan aka zo aka malale tsakar gidan da siminti har jikin icen, ruwa ya daina shiga ƙasa. Daga baya masu haƙa kwata ta bakin hanya suka datse manyan saiwoyi na wannan ɓangaren, ba wanda ya ce musu kanzil.

Alamun sun fito a hankali. Rassan can ƙololuwa suka fara bushewa alhali na ƙasa suna kore. Da damina wani irin naman kaza mai tauri ya riƙa fitowa a gindin, a kankare shi ya dawo. Inda gangar jikin ta rabu biyu aka ga tsaga, ruwa na kwanciya a ciki. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne simintin gefen gabas da ya ɗago ya fashe, domin wannan na nufin icen ya fara jingina zuwa yamma, kuma a yamma ɗin akwai ɗakunan 'yan haya, da zauren da yara ke karatun allo, da wayar ECG, kamfanin wutar lantarki. Duk wanda ya zauna a Kumasi ya san iskar da ke zuwa da ruwan farko a Maris da Afrilu. A irin wannan lokacin ne, cikin Maris 2017, wata babbar bishiya ta faɗo wa masu wanka a magangarar ruwa ta Kintampo, mutum kusan 20 suka rasu, akasarinsu 'yan makaranta daga Wenchi.

Gidan gado ne, don haka ko tsinke ba ni da ikon cirewa sai da yawun manya. Bayan sallar Juma'a muka zauna a ɗakin Baffa. Gwaggo ta ce, "Icen Baba ne fa. Ku bar shi, wanda ya tsayar da shi shekara saba'in bai gaji ba." Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri ki fito ki ga gindin da idonki." Ta fito, ta tura sandarta a wani rami da ke tsakanin saiwoyi, sandar ta shige har kusan mariƙi. Ba ta ƙara magana ba sai da ta ce a ajiye mata ɓawon.

Baffa shi lissafinsa daban. A wurinsa madaci ɗan'uwan mahogani ne, mahogani kuwa kuɗi ne, saboda haka icen zai biya kuɗin sarar kansa, ya sake rufin zaure, har a raba canji. 'Yan'uwa da ke Turai da Amurka suka goyi bayansa a WhatsApp, wani ma har ya fara tambayar nawa ne kason ɗakinsu. Wannan lissafi shi ne ya fi komai ba ni wahala a duk aikin. Bishiyar da ke tsakiyar gidaje, kuɗin saukowarta ake biya. Katakon da za a samu, in an samu, gyara ne.

Takardu na fara bi. Maƙwabta da yawa sun ce ɓata lokaci ne, ice a cikin katangarka wa zai tambaye ka? Amma ƙarar injin zarto ba ta ɓoyuwa, unguwa uku za su ji. Kuma garin nan ba ya wasa da maganar bishiya tun abin da ya faru a Feyiase cikin Nuwamba 2023, da aka wayi gari an sare tsohon icen goron nan da ake dangantawa da Okomfo Anokye, babban bokan Asante na da, a hanyar tafkin Bosomtwe, magana ta kai ga kamu da kotu. Namu ba shi da wannan tarihin, amma ban ga dalilin da zan sa a zo a tsayar da aiki ana tsakiyar yi, da rabin bishiya a rataye a kan ɗakunan mutane ba.

Asambilman ɗinmu, wato wakilin unguwarmu a majalisar yanki, ya ce in rubuta wa majalisar Asokore Mampong, wadda tun 2012 Aboabo ke ƙarƙashinta, in kuma kai kwafi ofishin EPA, hukumar kare muhalli. Na haɗa da hotuna, da adireshin GhanaPost na gidan, da sa hannun Baffa a matsayin babban magaji. Hotunan da na ɗauka da damina su suka fi amfani, domin naman kazan nan da rani yakan bushe ya ɓace, ice ya zama kamar lafiyayye. Jami'ai suka zo suka duba, aka yanka mini kuɗin izini na biya na karɓi rasit, aka kuma sa sharaɗin mu dasa wasu a madadinsa. Wannan bai yi wuya ba, tunda daga 2021 da aka fara ranar dashen itatuwa ta ƙasa ofisoshin gandun daji sun saba ba da dashe.

Ofishin gandun daji na je ne saboda gungumen, kuma a can na fahimci abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba. A Ghana, icen katako da ya tsiro da kansa ba na mai gona ba ne. Tun dokar 1962 yana hannun shugaban ƙasa a matsayin amana ga masarautun da ke da ƙasar. Manomi zai yi shekara talatin yana kewaye odum a gonar kokonsa, ranar da za a sare wani kamfani ne mai takarda zai zo ya ɗauka. Shi ya sa wasu manoman ke kashe irin waɗannan itatuwa tun suna ƙanana, kuma ban ga laifinsu sosai ba. Gyaran dokar da aka yi a 2002 ne ya fitar da icen da mutum ya dasa da hannunsa daga wannan hukunci. Namu bai yi wuyar tabbatarwa ba: yana cikin katanga, ga dattawa shaidu, ga shi kuma irin na arewa ne wanda ba ya tsirowa da kansa a kurmin Asante.

Abu na biyu da jami'in ya ja mini kunne a kai shi ne tsaga katako da injin zarto na hannu. Dokar 1998 ta hana a tsaga ice da wannan inji don sayarwa, ta hana saye da sayar da irin wannan katako, ta kuma wajabta wa mai injin ya yi masa rajista a majalisar yankinsa. Dokar da ta maye gurbinta a 2017 ba ta janye hanin ba. Ya ce, "Malam, in kana son ka kwana lafiya, a kayar, a yanka gunduwa-gunduwa, mu auna mu ba ka takardar ɗauka, ka kai somil, wato masana'antar tsaga katako, mai rajista." Haka na yi.

Sai neman mai aiki. Waɗanda suka fara zuwa 'yan daji ne, kowanne da injin zarto Stihl 070 a kafaɗa. Injin nan shi ne sarkin kurmin Ghana, ƙarfinsa ya haura cc 100, nauyinsa ya wuce kilo 10 tun ba a ɗaura masa dogon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kai ba. A daji ba shi da na biyu. Amma ba wanda zai hau bishiya da shi. Na lura duk wanda ya shigo a cikinsu gangar jikin yake kallo, yana auna ta da hannu, ba ya ɗaga kai sama. Dabararsu ɗaya ce: a ɗaura igiya, samari su ja ta wajen hanya, a yanke gindi. Da na ce gindin fa kogo ne, sai a ce mini Allah zai kiyaye.

Biyu daga cikinsu sun ce ma ba sa son ko pesuwa, a bar musu icen kawai. Baffa ya ji daɗin wannan ƙwarai. Ni kuwa shi ne tayin da ya fi ba ni tsoro. Wanda ladansa shi ne gungume, so yake gungumen ya sauko da tsawonsa, bai guntule ba. Kai kuma mai gida so kake a sauke shi guntu-guntu don kada ya taɓa komai. Tun ba a tayar da inji ba bukatunku sun saɓa, kuma shi ne ke riƙe da injin.

Wanda muka ɗauka wani Batone ne, wato ɗan Asante, da wani abokina ya gani yana rage itatuwa a wata makaranta. Kowa Masta yake ce masa. Ya yi zama a zango, yana jin Hausa daidai gwargwado. Shi da ya shigo sama ya fara kallo, ya daɗe. Ya zagaya icen yana bugunsa da bayan gatari yana saurare, inda yake da lafiya sautin a cike, inda ya ruɓe sai ka ji kamar ganga. Ya soka ƙarfen rodi a ramin da Gwaggo ta gwada. Ya tambayi inda ramin masai yake, don kada a saukar da nauyi a kan murfinsa. Ya tambaya ko akwai zuma a kogon, ya ce zai dawo da magariba ya duba da kansa, domin mutumin da ke rataye a igiya ba shi da wurin gudu in zuma ta taso. Kuɗin da ya faɗa ya ninka na sauran. Baffa ya riƙe baki. Gwaggo ce ta ce, "Yaya, araha ba ta ado," aka wuce wurin.

Mun rubuta yarjejeniya a takarda, asambilman ya sa hannu a matsayin shaida. A ciki akwai cewa kwanon da ya lotse ko katangar da ta fashe a wuyansa take, shi zai yanka rassa daidai ɗauka amma kwashewa tamu ce, tumɓuke kututture ba ya ciki, kuma za a biya shi kashi-kashi, na ƙarshe sai an gama. Na nemi ganin takardar rajistar injinansa, ya nuna ba tare da ɓata rai ba.

Muka sa rana a ƙarshen hunturu, ƙasa a bushe, iskar damina ba ta fara ba. Na rubuta wa ofishin ECG na yankinmu, ranar aikin da safe suka zo suka sauke wayar da ta shigo gidanmu da ta maƙwabta biyu, da yamma suka mayar. Kada wani ya ce maka zai lallaɓa ya yi aiki kusa da waya mai wuta. Ɗanyen reshe yana ɗaukar lantarki, igiya mai laima ma haka. 'Yan haya suka fitar da abin da suke ji da shi, muka sallami 'yan makarantar allo, muka tare lungun da benci ta kowane ɓangare, aka sa samari biyu masu tsawa su hana yara da 'yan kallo matsowa. Wannan aikin na samarin ya fi yadda ake zato wuya.

Kayan Masta ba su da yawa, amma kowanne da aikinsa. Inji uku ne: wani ɗan ƙarami mai mariƙi a sama wanda bai wuce kilo 4 ba, shi yake ratayawa a ƙugu ya hau da shi, sai matsakaici na yaransa a ƙasa, sai babba na gangar jiki. Igiya iri biyu, kuma bai yarda a haɗa su ko a jaka ba: wadda ke riƙe da ransa daban, wadda ake sauke kaya da ita daban. Yana da hular kwano mai ragar kare ido da abin toshe kunne, da wani wando mai kauri da aka cusa wa zare a ciki, wanda in sarƙa ta taɓa shi zaren zai fito ya cushe injin ya tsaya kafin ya kai ga nama. Wandon akwai zafi, yaransa ba sa son sa shi, kuma na ga yana yi musu faɗa a kan haka.

Kafin ya hau ya zauna ya haɗa mai. Injin nan ba shi da wurin zuba man inji daban, a cikin fetur ake gauraya shi: mililita 100 a lita 5, wato ɗaya cikin hamsin. In ya yi kaɗan injin ya ƙone, in ya yi yawa ya yi ta hayaƙi yana toshe fulogi. Man sarƙa kuma tankinsa daban. 'Yan daji baƙin man da aka juye daga mota suke zubawa don araha. Masta ya ce shi ya daina, domin akwai garin ƙarfe a ciki da ke cin famfon mai da sarƙar, ga shi yana fantsama a jikin mutum yini guda. Ya ɗauki magagari mai zagaye ya bi haƙoran sarƙar ɗaya bayan ɗaya, kowanne shafa iri ɗaya a karkace iri ɗaya. Ya ce in ina son in san mai inji ya san aikinsa, in kalli abin da ke fita daga yankan. Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi manya take fitarwa. In ka ga gari mai laushi yana tashi, mutum na danna injin da ƙarfi, sarƙar ta dakushe, kuma a nan ake jin ciwo. Ya nuna mini saman ƙarshen ƙarfen, ya ce nan ne maƙashin: in wurin ya taɓa ice ana gudu, injin kan yi tsalle ya dawo wa mutum a fuska kafin ya ƙifta ido. Shi ya sa ƙananan injinansa ke da birkin sarƙa a gaban hannu.

Ya jefa siririyar igiya mai ɗan nauyi a baki ta haye wani reshe mai lafiya can sama, ya ja babbar da ita, ya sa yaransa biyu suka rataya a kai don gwaji, sannan ya hau. Ko yaushe a ɗaure yake ta wuri biyu in zai yi yanka. A sama ya ɗaura kura irin wadda ake jan guga da ita a rijiya, igiyar kaya ta bi ta ciki ta sauko, aka naɗa ta sau biyu a gindin madacin kansa. Wannan naɗin shi ke cinye nauyin, har mutum ɗaya ya iya sassauta igiyar a hankali alhali abin da ke rataye ya fi shi nauyi. Ga wanda bai taɓa ɗaga ɗanyen madaci ba: guntun reshe mai kaurin taku ɗaya da tsawon mita ɗaya ya fi buhun siminti nauyi. Irinsa kuwa sun fi a ƙirga a saman ɗakunan nan.

Kowane reshe daga ƙarshensa yake farawa, yana tahowa wajen jiki. Ya ɗaure guntun da zai cire, ya ɗan yanka ta ƙasa, sannan ya yanka ta sama. Yankan ƙasan ne ke hana reshen ya tsage ya ja ɓawo ya fizgi mutum. Amma ba a zurfafa shi, don reshen da nauyinsa ke ja ƙasa yakan matse ya kama sarƙa. Akwai wata igiya ta uku a hannun wani yaro, da ita yake janye guntun daga saitin kwano zuwa tsakar gida, inda muka shimfiɗa tsofaffin tayoyi. Ba a ihu. Usur ne a bakin Masta: in ya busa sau ɗaya kowa ya tsaya inda yake, sau biyu an sauke, a zo a kwance. Wanda ya shiga ƙarƙashin icen ba a busa ba, Masta kashe inji yake yi ya zauna a reshe ya zuba masa ido har sai ya fita. Baffa ma sai da aka yi masa haka.

Aikin a hankali yake tafiya har ya gundure 'yan kallo, suka watse. Ni a wurina wannan ita ce shaidar gwaninta. Da rassan suka ƙare, ya bi gangar jikin yana cire ta gunduwa-gunduwa daga sama har ta rage abin da tsakar gidan zai iya ɗauka a kwance. Sai a nan aka yi kayarwa irin wadda aka sani. Ya yanke baki ta gefen da ake son ya faɗi, zurfinsa kamar rubu'in kaurin icen, ya koma baya ya yanko ɗan sama da bakin, ya bar wani sashe a tsakani bai yanke ba. Wannan sashen shi ke riƙe ice ya bi da shi inda aka nufa, kuma a ka'ida kamar kashi ɗaya cikin goma na kaurin ake bari. Da yake cikin ruɓaɓɓe ne ya bar fiye da haka, ya buga weji, wato abin cusawa mai tsini, a yankan baya, ya sa aka ja da igiya daga nesa, shi kuma ya ja da baya a karkace, ba saitin gindin ba. Da ya kwanta muka ga kogon: abin da ke riƙe da wannan uban nauyi duka bai wuce kaurin tafin hannu ba a zagaye.

Washegari ya duba mangwaron da ke bayan gida. Baffa ya ce tunda an zo a aske shi ƙwal a huta da shara. Masta ya ƙi. Ya ce bishiyar da aka guntule mata kai takan fito da tsirrai masu yawa da ba su kama jiki sosai ba, bayan 'yan shekaru su ne iska ke karyawa, ga ruɓa ta shiga ta manyan yankan. Ya cire matattun rassa, da masu gogar juna, da wanda ya hau kan kwano, bai kai rubu'in ganyen ba. Kowane yanka ya yi shi ne daf da kumburin nan da ke gindin reshe, bai shafe kumburin ba, bai kuma bar dungu ba, domin daga nan ne sabon ɓawo ke tasowa ya rufe wurin. Na kawo fenti a shafa, ya ce in mayar, fenti da baƙin mai laima suke riƙewa a ciki.

Kututturen leburori muka sa suka haƙe da diga da gatari, don barinsa kusa da ɗaki gayyatar gara ce.

Rassan ba su kwana ba. Masu koko da masu wake da shinkafa da masu gidan burodi suka yi ta turo aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Masu maganin gargajiya suka ɓare gumaguman tas, bayan an cika wa Gwaggo buhunta. Abin da ya rage na katako gungume biyu ne daga sama da kogon. Lungunmu mota mai ƙugiya ba ta shiga, sai da aka gangara su a kan bututun ƙarfe har bakin titi. Jami'in gandun daji ya auna, ya rubuta lamba a jikinsu, ya ba da takarda.

Mai somil da ya ji icen gida ne sai ya ce in ajiye kuɗin zarto tukuna. Yana da gaskiya. Shekara saba'in ana buga wa icen nan ƙusa: ta ɗaure ragon layya, ta rumfar biki da suna, ta igiyar shanya. Ice kuwa haɗiye ƙusa yake yi, ya rufe ta ba alama, sai dai wani baƙi-baƙi mai shuɗi da kan fito a jikin katakon kusa da ƙarfen. Injinsa Wood-Mizer ne, mai siririn zarto da ke cin kamar milimita 2 zuwa 3 a kowane yanka, alhali sarƙar injin hannu na cin kusan santimita guda. Wannan bambancin kaɗai allo ne guda a cikin kowane 'yan alluna. Amma siririn zarton ba ya jure ƙarfe, kuma kuɗin da na ajiye bai dawo ba. Bayan an cire gefe-gefe da wuraren ƙusa da inda ruɓa ta taɓa, abin da ya fito bai kai rabin gungumen ba. Alluna ne masu kyau, ja-ja, masu nauyi, za su yi ƙofa da bencuna. Rufi kam babu zancensa. Da na haɗa kuɗin itacen wuta da kimar allunan, na cire mota da somil, bai kai rabin ladan Masta ba. Na tura lissafin a WhatsApp, masu tambayar kaso suka yi tsit.

Allunan mun jera su a inuwa a kan bulo, da 'yan sanduna masu kauri ɗaya tsakanin kowane layi, saitin juna, don iska ta ratsa. Aka shafa fenti a bakunansu biyu saboda ta nan ruwa ke saurin fita har allo ya tsage, aka ɗora nauyi a sama. Madaci in aka gaggauta shi a rana murɗewa yake yi.

Katakon rufin zaure sai da muka je Sokoban, inda aka mayar da 'yan katako da kafintocin Anloga lokacin aikin hanyar Oforikrom zuwa Asokwa. Na tafi da kafinta, amma da tef ɗina a aljihu, domin abin da ake kira biyu-da-huɗu sau da yawa bai cika ba, kuma ladan kafinta na sallame shi tun daga gida don kada ya nemi nasa a wurin mai sayarwa. Icen da ake kira wawa shi ne mai araha, fari, marar nauyi, ya dace da allon zuba kankare da silin, amma ƙwari na son sa kuma laima na sa shi baƙi. Ofram da esa suna tsakiya. Dahoma mai tauri ne, yana jure nauyi, sai dai garinsa na sa atishawa da yaji a ido. Odum shi ne wanda gara ke shakka, amma ya yi wuya ya yi tsada, kuma akwai masu sayar da wani icen da sunansa. Kowane katako sai na ɗaga bakinsa na saita ido a tsawonsa don ganin lanƙwasa. Wanda ya yi nauyi fiye da 'yan'uwansa ɗanye ne. Wanda ke da ƙananan huji da gari a bakinsu ƙwaro ya riga ka.

Katakon da aka tsaga a daji da injin hannu ba ya ɓuya: jikinsa da zane-zanen sarƙa, kaurinsa wannan baki daban da wancan. Yana nan jibge a kasuwannin katako duk da dokar 1998. Binciken da masana na FORIG, cibiyar binciken gandun daji da ke Fumesua, suka yi da ƙungiyar Tropenbos wajen 2010 ya nuna sama da kashi 80 cikin 100 na katakon da ake amfani da shi a cikin gida daga nan yake fitowa, saboda manyan kamfanoni sun fi karkata ga kasuwar waje inda kuɗin yake. Ban iya zagin talakan da ya saya don ya rufe ɗakinsa ba. Amma in ka lissafa abin da injin gogewa zai cinye kafin ya daidaita, da haɗarin a tsayar da motarka a shingen jami'an katako ba takarda, arahar ba ta kai yadda ake faɗa ba. Mun ɗauki dahoma na somil, da rasit da takardar shaidar dubawa. Kafin a buga ko ƙusa ɗaya kafinta ya shafe shi da Solignum, maganin gara da ruɓa, ya fi ba da ƙarfi a bakunan da aka yanka da inda katako zai zauna a kan bulo. Kwano ya hau kafin ruwan farko na Maris. Allunan madacin kuwa ya ce kada a kawo masa su sai wani hunturun ya wuce a kansu.